Azumin da Hooyo Take Yi

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Maureen ce ta ba ni wannan littafin, matar da ke zama a ɗakin taro na ƙasan benenmu duk Litinin tana karanta wa mutane takardun gwamnati kyauta. Ta ce in riƙa rubuta duk ranar da abin ya zo, da lokacin, da yadda na tashi. Na ce mata ni baƙin allo kawai na iya, daga dama zuwa hagu. Ta ce ko tonon kaza ne in rubuta, ai ni zan karanta wa kotu da bakina. Na ce to, kaza ta gode.

Ga maganar a taƙaice, don kada ni ma in manta. Bara a watan Oktoba na nemi kuɗin tallafin naƙasa. Suka ce a'a. Na ce a sake dubawa, suka sake cewa a'a, cikin ladabi. Maki ashirin ake so, ni biyar suka ba ni. Saura kotun ɗaukaka ƙara, ranar Alhamis 7 ga Agusta, ƙarfe goma. Layin lauyan kyauta ya kai Oktoba, saboda haka ni, Guled Warsame, ni ne lauyan Guled Warsame. In na faɗi a nan, za su mayar da ni sahun masu neman aiki, a tura ni sito ko mayanka, kusa da injin da ba ya jiran mutum ya farfaɗo.

Hooyo, mahaifiyata, ciwon kai ta sani. Haka na gaya mata tun da kwandon lemo ya sauko mini a ka a kasuwar sari, shekara biyu ke nan. Ƙwayoyin da nake sha safe da yamma na ciwon kai ne. Shari'ar ma ta ciwon kai ce.

Alhamdulillahi.

Laraba, 9 ga Yuli, da hantsi

A banɗaki. Na yi wanki.

Alhamis, 10 ga Yuli, la'asar

Hooyo tana azumi yau. Ba Ramadan ba ne, kuma ba ta saba azumin Alhamis ba. Na ce mata ta rage gudu, kada ta isa Aljanna ta tarar ba a gama shimfiɗa ba. Ta ce in rage surutu in kawo mata dabino daga unguwar Footscray, mai taushi, ba irin wanda na kawo wancan karon ba mai kamar tsakuwa.

Na je na dawo a tiram, ɗan jirgin ƙasan da ke bin titunan gari. Na zauna kusa da ƙofa, na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Ba abin da ya faru.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan azahar

Kotu ta aiko da fayil ɗina, kaurinsa ya kai tubali, kowane shafi da lambarsa. Na kai wa Maureen. Ta buɗe shafi na sittin da uku, inda matar da ta gwada ni bara ta rubuta hirarmu, ta karanta mini a hankali tana leƙena ta saman tabarau.

An tambaye shi lafiyarsa, ya ce ƙalau, ya gode wa Allah. An tambaye shi sau nawa abin ke zuwa, ya ce jefi-jefi, bai kai a yi magana ba. An tambaye shi ko yana iya shiga tiram shi kaɗai, ya ce har Sydney ma a ƙafa in an ba shi takalmi mai kyau. Ya zo cikin farar jallabiya da turare, yana raha. Da za shi fita ya ɗaga mata kwalin takardu ya ɗora kan kabad.

Duk ni ne. Ba ta ƙara ko wasali ba.

Maureen ta ajiye fayil ɗin ta tambaye ni me ya kai ni. Na ce a wurinmu in babba ya tambaye ka lafiya, amsa ɗaya ce. Malam Nur, wanda ya koya mana karatu a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, yakan ce wanda ke zayyana wa mutane ciwonsa ƙarar Allah yake kaiwa wurin bayinsa. Ina ɗan shekara bakwai na ji wannan, da zazzaɓi a jikina, na haɗiye. Kuma za ka je ofishin gwamnati da tsumma? Kayan Sallah ake sawa.

Ta ce, "Likitanka na ƙwaƙwalwa ma haka ka gaya masa?"

Na ce shi ai har addu'a na yi masa.

Ba ta yi dariya ba. Matar nan ba ta da haƙoran dariya, na lura.

Talata, 15 ga Yuli, da safe

Na yi wanki. Injin wankin hawanmu na sha huɗu ya lalace, na sauka na goma sha biyu da zanin gado a leda. Harshena ya kumbura ta gefen hagu. Shayi ba ya shawuwa.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan masallaci

Maureen ta ce in nemo shaida, wanda ya taɓa gani da idonsa. Na tafi shagon shayin Abti Dahir, ƙanen Hooyo, a kan titin tiram. A shagonsa na faɗi sau uku, ko huɗu.

Bari in rubuta wannan, tunda ba mai karantawa sai ni. Tun kafin kwandon lemo ni gwanin suman ƙarya ne. Na suma a walimar auren ɗan Hajiya Ubah lokacin da aka ce samari su wanke tukwane. Na suma ranar da ƙungiyar ƙwallon Abti ta sha kashi, har ya watsa mini ruwan sanyi. Ni ne na zuba gishiri a gwangwanin sukarinsa, ni ne na haɗe takalman hagu na sahun gaba wuri guda a ƙofar masallaci. Kowa ya san ni.

Ranar da na gaske ya fara zuwa a shagon, na buɗe ido na ga fuskoki a kaina suna ƙyalƙyala dariya. Wani yana cewa wallahi yaron nan ya ƙware, dubi har da kumfa. Ban san inda nake ba. Wandona da sanyi, amma teburin ya kife, shayi ya malale ko'ina, ba wanda ya bambance. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Na kama ku." Suka tafa. Daga ranar shi ke nan. Duk wanda ya zo a gaban mutane, in na farka sai in kashe ido ɗaya.

To yau na ce wa Abti ina so ya raka ni kotu ya ba da shaida. Yana juya sambusa a mai, bai ko waiwayo ba. Ya ce shaidar me, cewa ni ne shaiɗanin hawa na sha huɗu? Ya ce in dai gwamnati za ta biya mutum kuɗin iya faɗuwa, to shi ma a koya masa, gwiwarsa ta gaji da tsayuwa. Mutanen shago suka ɗauka, kowa na kawo tasa faɗuwar da ya gani, wace ta fi kyau.

Maganar tana bakina. Na ji nauyinta a kan harshe, daidai inda na cije. Na ce ya ba ni sambusa biyu bashi, na fito.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Hooyo tana azumi kuma. Ta rame. Na ce ko dai wani laifi ta yi a ƙuruciya da ba mu sani ba. Ta jefe ni da silifa, ta same ni.

Litinin, 21 ga Yuli, bayan azahar

Na kai wa Maureen littafin ina taƙama, na nuna mata ranakun. Ta duba, sannan ta ce akwai abin da ya kamata ta fayyace mini tun farko, ta yi tsammanin na gane. Kotu ba halin da nake ciki yau za ta duba ba. Wata ukun da suka biyo bayan ranar da na nema za ta duba, daga Oktoba zuwa Janairu. Littafin zai taimaka kaɗan, amma abin da ake so shi ne sau nawa a wancan lokacin.

A wancan lokacin ni lafiyata ƙalau. Yana shafi na sittin da uku.

Na tambaye ta ko zan iya cika littafin da kwanakin baya. Ta ce ba ta ji abin da na ce ba, kuma kada in maimaita.

Talata, 22 ga Yuli

Ban fita ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Ban fita ba. Ruwa ake yi. Daga tagarmu ana hango filin sukuwa, ba kowa a ciki sai tsuntsaye.

Juma'a, 25 ga Yuli, da hantsi

A kicin, da butar shayi a hannuna. Na farka Hooyo tana riƙe da hannuna a ƙarƙashin famfo. Bayan hannun ya ƙone, ya tashi. An sa mini filo a ƙarƙashin kai, an goge ƙasa, an lulluɓa mini zani daga ƙugu zuwa ƙasa.

Na ce santsi ne, tayil ɗin nan na gwamnati ba shi da mutunci. Ta ce haka ne, tayil ɗin ba shi da kyau. Ta shafa mini zuma ta ɗaure da ƙyalle.

Na yi wanki. Ban je masallaci ba.

Lahadi, 27 ga Yuli, la'asar

Na gwada yadda zan yi magana a kotu, a gaban madubin banɗaki. Turancin sito nake da shi, ya isa a ce ɗaga, ajiye, matsa, ya isa a zagi direba. Na ce wa madubi, ranki ya daɗe, ina da... sai na tsaya. Na sake. Na sake. A karo na huɗu na kwaikwayi muryar Maureen, ta fito daidai, har na ba kaina dariya.

Sunan abin ba ya fita. A unguwarmu in an faɗe shi, gobe an ce aljanu ne, jibi an daina ba ka jariri ka riƙe.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan azahar

Na ce wa Maureen ina tunanin janyewa. Ta ce haƙƙina ne, takarda ɗaya ce. Ta ciro ta ta ajiye a gabana, sannan ta kalli hannuna mai ƙyalle ta tambaya ko a mayanka ma zuma ake shafawa.

Na naɗe takardar na sa a aljihu. Tana nan.

Alhamis, 31 ga Yuli, da safe

A lif, ni kaɗai. Na farka yana hawa da sauka da ni. Ban san sau nawa ba.

Alhamdulillahi. Na gaji.

Talata, 5 ga Agusta, da yamma

Hooyo ta tambaye ni ƙarfe nawa ne shari'ar ciwon kan. Na ce ba sai ta je ba, hira ce kawai, ko shayi ba sa bayarwa. Ta ce ita lokaci ta tambaya.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan la'asar

Zan rubuta duka kafin barci ya ɗauke ni.

Na ciro farar jallabiya, na kalle ta, na mayar. Na sa rigar sanyin da nake kwana da ita. Ina fitowa na tarar da Hooyo a bakin ƙofa da mayafinta na unguwa da jakar hannu a hammata. Ban yi gardama ba, ba ni da ƙarfinta. Muka shiga tiram zuwa cikin gari, ita ta zauna ta gefen hanya, ni ta tura ni jikin taga.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, tulun ruwa da kofuna. Matar da ke sauraro ta ce ita ba alƙaliya ba ce, kada in miƙe in tana magana. Ni dai alƙaliya nake ce mata. Da ta ga Hooyo sai ta sa aka kira tafinta ta waya, wata mata daga Perth, muryarta tana fitowa daga wani ɗan akwati a tsakiyar tebur. Na ji daɗi da ba 'yar unguwarmu ba ce. Sai kuma na tuna duk abin da na faɗa, akwatin zai juya wa Hooyo shi cikin harshenmu.

Alƙaliya ta tambaye ni yaya nake yau.

Na ce alhamdulillahi. Ya fita kafin in tare shi. Ta ɗauki biro. Na kalli biron nan, na kalli hannuna.

Na ce, "Alhamdulillahi, amma ba ni da lafiya. Ina da farfaɗiya. Ina faɗuwa, ba na sanin inda nake, ina cizon harshe, ina jiƙa wandona. Abin da ke shafi na sittin da uku ni na faɗa, kuma ba gaskiya ba ne."

Akwatin ya maimaita, kalma bayan kalma. Ban kalli gefen Hooyo ba.

Alƙaliya ta tambaye ni dalilin da ya sa na faɗi haka bara, na ba ta labarin Malam Nur da na shagon Abti. Ta rubuta. Na karanta mata littafin nan daga dama zuwa hagu, ta tambayi ma'anar wanki, na gaya mata. Sannan ta zo inda nake tsoro. Daga Oktoba zuwa Janairu, sau nawa?

Na ce ban ƙirga ba. Na ce da yawa. Ta ce ta yarda ina ƙoƙarin faɗin gaskiya, amma tana da takarda mai cewa jefi-jefi da bakina, yanzu kuma ga da yawa da bakina, tana bukatar abin da za ta dafa. Na nemi abin dariya in faɗa, ko ɗaya bai zo ba.

Sai na ji ƙarar zif. Hooyo ta buɗe jaka tana fito da ƙulle-ƙullen tsumma, ƙanana, kowane da launinsa, tana jera su a kan teburin gwamnati. Ta yi wa akwatin magana kamar mai yi wa maƙwabciya. Ta ce tun faɗuwar farko da ta ji a banɗaki ta yi wa Allah alkawari, duk ranar da yaron nan ya faɗi ya tashi da rai za ta yi azumin kwana ɗaya. Don kada ta ci alkawari, duk faɗuwa takan sa ƙwallon dabino ɗaya a ƙullin watan. In sabon wata ya kama ta sake tsumma. Ta ce ta biya yawancinsu, amma ba ta iya zubar da ƙwallayen ba.

Alƙaliya ta tambayi wane wata ne wanne. Hooyo ba ta san Oktoba ba. Ta taɓa su ɗaya bayan ɗaya, Rabi'ul Ahir, Jimada na fari, Jimada na biyu, Rajab. Alƙaliya ta juya ga kwamfuta tana neman inda watanninmu suka faɗa a nasu, ta ɗau lokaci, ta ce sun yi daidai. Ta nemi izini ta kwance ƙullin da hannunta. Biyar. Shida. Huɗu. Bakwai.

Ta tambayi Hooyo yadda take sani. Hooyo ta ce wani tana jin ƙarar, wani tana gani, wani kuma sai ta ga an sauka da leda da sassafe. Ta tambaye ta me ya sa ba ta taɓa yi mini maganar ba.

Hooyo ta ce, "Yana ta wahalar ɓoye mini. Ban so wahalarsa ta tafi a banza ba."

Matar Perth ta juya wannan. Na ji tana jan hanci.

An ba ni kwana goma sha huɗu in koma wurin likitan ƙwaƙwalwa, in gaya masa abin da na gaya mata, in kawo takardarsa. Hooyo ta ƙulle kayanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko ƙwallo ɗaya ba. Muka shiga tiram. Da muka kusa sauka ta ce rigar nan da na sa ta ba ta kunya.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Likita ya ce yaya jiki. Na ce ya gyara zama. Ya yi rubutu shafi biyu, ya canza ƙwaya, ya yi mini faɗa a hankali irin na Turawa. Maureen ta aika da takardar.

Na yaga ta janyewa. Ta riga ta sha wanki sau biyu a aljihu.

Alhamis, 14 ga Agusta

Sabuwar ƙwayar tana sa barci. Na yi wanki.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan azahar

Ambulan ɗin wasiƙar kotu ya zo ranar Juma'a, na bar shi a rufe har yau. Maureen ta karanta, ta cire tabarau, ta ce maki ashirin. Ashe tana da haƙora.

Na yi tsammanin zan yi tsalle. Na hau sama na kwanta.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan magariba

Jiya abin ya zo a shagon Abti, da tsakar rana, shago cike. Na buɗe ido, ga fuskoki, ga dariya, wani har ya ɗaga waya. Bakina ya fara buɗewa da kansa. Na rufe shi. Na kwanta a wurin ina kallon silin har dariyar ta ƙare ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce, Abti, ba ni ruwa, kuma a miƙo mini wani abu in rufe jikina.

Ya cire gyalen wuyansa ya rufe ni. Ya kori kowa, ya juya allon ƙofa. Ya tsuguna da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya tambaya tun yaushe. Na ce tun ranar kumfa. Ya miƙe yana ta goge tebur ɗaya.

Da na koma gida na ɗauki ƙwallon dabino a faranti na miƙa wa Hooyo, na ce na yau ne, a waje ya faru, ba ta gani ba. Ta karɓa ta juya shi a tafin hannu.

"Ashe akwai na waje," ta ce. "Guda nawa?"

Na ce ban sani ba. Ta fara lissafi da yatsu, fuskarta ta canza. Sai ga Abti a waya. Na ji tana cewa a'a, yana cewa e, sun daɗe suna yi. Ƙarshe ta ajiye ta ce Dahir ya ce na cikin gida nata, na waje nasa, har da na baya, zai ƙiyasta.

Yau ya fara azumin. Abti da ba ya iya awa biyu ba tare da ya tauna wani abu ba, yana tsaye kan kaskon mai da baki a bushe. Na zauna a gabansa na ci sambusa biyu, a hankali, ina lumshe ido. Ya ce Allah ya shirye ni. Na ce amin.

Da aka kira salla na miƙa masa dabino. Ya ci, ya waiga yana neman kwandon shara. Na ce a'a, Abti, ajiyewa ake yi.